Giwa a Garin Wani

Ranar da aka zauna rabon gadon mahaifiyarmu, abin da ya fi ba mu wuya bai cika tafin hannu biyu ba. An yi wa gida kuɗi, an yi wa gonar bayan gari, an ƙirga awaki, an ware zannuwa da tasoshi, duk ba a ɗaga murya ba. Sai can ƙasan adaka, ƙarƙashin wani tsohon mayafi, aka ciro gwangwanin alawa aka juye shi a tabarma. Sulalla ne, sun kai talatin, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da za a karɓa a kasuwar garinmu.

Akwai na Saudiyya, ragowar guzurinta na Hajjin 2018, masu riyal ɗaya da masu riyal biyu da 'yan halala. Akwai sefa, tun zamanin da take zuwa Maraɗi saro atamfa. Akwai kwabbai masu huji na lokacin Turawa. Sannan akwai wani babba guda ɗaya, fari, mai nauyi, an liƙa masa ɗan kunne na ratayawa. A fuska ɗaya hoton wata mace ce mai jiki, da mayafi a kanta. A ɗayar tsuntsu mai kai biyu, da shekara 1780. Shi ne tsofaffi ke kira liyari, kuma na kakarmu ne.

Yayanmu ya ce a bar su, ba abin ɓata lokaci ba ne. Malamin da ke rabon bai yarda ba. Ya ce tarikar mamaci, ko allura ce, sai an san ƙimarta. Ni kuwa, da yake ni ne ɗan bokon gidan, na ciro waya na duba farashin canji na ranar, na haɗa riyal da sefa na mayar da su naira, na ce a sa su a kason ƙanwarmu, a rage mata daidai wannan adadi daga kuɗin awaki. Lissafina bai kuskure ba ko da kwabo. Ƙanwar tamu, wadda ke aure a ƙauye, wadda tafiyarta mafi nisa a duniya ita ce Kano, ta dubi sulallan, ta dube ni, ta ce, "Yaya, a ina zan kashe su?"

Ban sami amsa ba. Malam ya ce a rufe gwangwanin, ni in tafi da shi in binciko. Abin da na binciko shi ne nake son in shimfiɗa a nan, domin tambayar ƙanwata ta fi ƙarfin gwangwanin alawa. In abu yana da daraja a hannun wani, ba shi da ita a hannun wani, wace ce darajarsa ta gaskiya, kuma da wacce za a yi wa mutane adalci?

Na fara da 'yan canji na Wapa. Na zube sulallan a gaban wani dattijo, na ce, "Alhaji, canji na kawo." Ya dube su bai ko taɓa ba, ya ce, "Malam, ba ma karɓar ƙarfe. In da takarda, kawo." Na ce ai kuɗin Saudiyya ne, masu aiki ne, ba a daɗe da buga su ba. Ya yi murmushi ya ce, "Suna aiki a can."

Da farko na ɗauka raini ne, daga baya na gane dattijon sana'arsa ya faɗa mini a kalma huɗu. Ɗan canji ba ya sayen riyal don yana ƙaunar riyal. Yana saye ne don ya san gobe maniyyaci zai zo ya saya a hannunsa, maniyyacin kuma zai kai shi inda ake ba da shinkafa da ruwa a madadinsa. Kuɗin waje a ƙasarmu baƙo ne da ake shimfiɗa wa tabarma saboda an san zai koma gida. To, takardar riyal 500 ba ta kai nauyin ganyen darbejiya biyu ba, ana sa ta a aljihu a hau jirgi. Wannan adadin a sulalla masu riyal biyu guda 250 ne, nauyinsu ya haura kilo. Wa zai ƙirga su, wa zai ɗauka, wa zai biya kuɗin dakonsu? Kafin su isa gida, hanya ta cinye su. Wannan ba halin Wapa kaɗai ba ne. Haka bankuna da wuraren canji suke yi kusan ko'ina a duniya. Shi ya sa tun 1987 asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, yake tattara ragowar sulallan matafiya a cikin jiragen sama. Abin da ba ya saya wa mutum ɗaya komai, in an tara shi buhu-buhu, sai ya isa a biya masa kuɗin komawa gida.

Hukumar kuɗi ta Saudiyya ba ta ci amanar kowa ba. Riyal ɗinta yana nan daram, tun 1986 ana ba da 3.75 a kan dalar Amurka ɗaya. Alkawarin da ke jikin kwandalar yana da rai. Sai dai wurin cika shi yana bayan Bahar Maliya.

Daga nan na nufi maƙeran fari da liyarin. Maƙerin bai tambaye ni ƙasar da ta buga shi ba, bai tambayi ko matar tana da rai ba. Ya buga shi a dutse ya saurari amonsa, ya ɗora a ma'auni, ya ɗebe nauyin kunnen da aka liƙa, ya faɗi kuɗi. Abin da ya taya ya ninka abin da wayata ta ce duk sauran sulallan sun kai. Na fito ina juya al'amarin a raina: kuɗin ƙasa mai rai, mai arzikin man fetur, an ƙi ko taɓa shi, na sarauniyar da ta rasu shekara ɗari biyu da doriya kuwa ana rububinsa.

Sarauniyar ita ce Mariya Tareza ta Ostiriya, ta rasu a watan Nuwamba na 1780. Kwandalar tata tana da nauyin giram 28 da ɗan ɗori, kashi biyar cikin shida azurfa ce tsantsa. A bakinta an zana kalmomi biyu na Latin masu ma'anar adalci da rangwame, kuma amfanin zanen shi ne kada wani ya kankare gefe ya saci azurfa ba a gane ba. Fataken Bahar Maliya da na Sahara sun saba da ita har suka ƙi kowace sai ita. Da sarauniyar ta rasu, sai aka ci gaba da buga kwandalar da fuskarta da shekarar mutuwarta. Ostiriya kanta ta daina amfani da ita a matsayin kuɗin ƙasa a 1858, amma ba a daina bugawa ba. An buga ta a Biyana, an buga a Rum, da Landan, da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi, kowace tana cewa 1780. Lokacin da sojojin Ingila suka shiga Habasha a 1868, sai da suka yi guzurinta, domin ba da ita ba manomi ba zai sayar musu da hatsi ba. Ta ratsa Yaman da Sudan da Borno, ta iso ƙasar Hausa, ta ƙare a wuyan kakata.

Darasin da ke saurin zuwa zuciya a nan shi ne cewa ƙarfe mai daraja shi ne gaskiya, hatimin hukuma kuwa yaudara. Na san masu wannan ra'ayi, kuma ban raina su ba. Duk wanda ya ga albashinsa yana narkewa kamar gishiri a ruwa yana da hujjar ƙaunar abin da ake iya aunawa. Amma labarin liyari da kansa bai goyi bayansu ba sosai. Italiya, da ta kama Iritiriya, ta buga tata kwandalar ta azurfa a 1890 don ta kori ta sarauniya, mutane suka ƙi ta. A 1918 ta sake buga wata, har da hoton mace da aka yi don ya yi kama da na Mariya Tareza, aka sake ƙi. Azurfar tana nan a jikinsu, ma'auni ba zai ƙaryata ba. Abin da suka rasa shi ne sanayya. Bafatake a kasuwar ƙauye ba ya yawo da ma'auni da ruwan gwaji. Yana duban fuskar da ya sani, ya shafa 'yan duwatsun da ke kafaɗarta da babban yatsa ya ji ko sun goge, ya karɓa, saboda ya tabbata na gaba da shi ma haka zai yi. A ƙarshe, a 1935, Italiya ta haƙura ta karɓi hatimin bugawar daga Ostiriya, ta shiga buga ta sarauniyar da 1780 ɗinta.

Mu Hausawa ma bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, tunda kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Wuri kuwa ba a Kogin Kwara ake samunsa ba, ba a Tafkin Cadi ba. Daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya ake kwaso shi, inda yake zube a ruwa, ya ratso rabin duniya ya zo ya zama abin biyan sadaki da haraji a Kano da Katsina. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar a Kano a 1851 ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa ɗaya. Baƙo biyu ke nan ake canjin ɗaya da ɗaya a kasuwar Kurmi, ba wanda aka haifa a nan. Wuri ba ya narkewa ya zama mundaye, ba a cinsa, amma ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki. Bai faɗi ba sai da 'yan kasuwar Turai suka shiga jibgo wani irinsa mai araha daga gaɓar Zanzibar, ya yi yawa har ɗaukarsa ta zama wahala, sannan Turawan mulki suka zo suka hana shigo da shi suka ce da sulensu za a biya haraji.

In ka bi sunayen kuɗinmu ɗaya bayan ɗaya, zuri'ar baƙi za ka tarar. Sule da fam da kwabo daga bakin Ingilishi suka faɗo. Liyari riyal ne da harshe ya juya. Dala, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke ƙirga sefa da ita har yau, biyar-biyar, jikar sunan wani kwari ce a ƙasar Bohimiya inda aka fara buga manyan kwandalolin azurfa a farkon ƙarni na 16. Daga sunan nan ne dalar Amurka ma ta samo nata. Hatta dinari da dirhami da muke karantawa a babin zakka, na farko sunan kuɗin Rumawa ne, na biyu na Girkawa. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mutanen Makka da Madina da zinariyar Rum da azurfar Farisa suke ciniki, suna auna su. Sai a zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, wajen shekara ta 77 bayan Hijira, aka buga dinari mai rubutun Larabci zalla. Kuma an ruwaito daga Imam Malik a Mudawwana cewa da mutane za su yarda da fatu su zama kuɗi a tsakaninsu, da ya ba fatun hukuncin kuɗi wajen hana canjinsu da zinariya a kan jinkiri. Malamin Madina ya gane cewa abin da ke mayar da abu kuɗi shi ne karɓuwarsa a hannun jama'a. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, ko da na azurfa ne.

Har zuwa nan ban faɗi abin da masana ba su faɗa ba. Inda na tsaya na daɗe shi ne mataki na gaba. In daraja yarda ce, to yarda tana da iyaka, kamar yadda gona ke da iyaka. Kuma mutane ba daidai suke ba wajen tsallake iyaka.

Sefar da ke gwangwanin ta koya mini wannan. Na kai ta wurin wani mai shayi, mutumin Damagaram, da ke zuwa gida duk bayan 'yan watanni. Ya karɓa da murna, yana ƙirgawa da dala-dala, sai ya ware guda ɗaya ya turo mini. Ya ce, "Wannan ba tamu ba ce, ta Kamaru ce." Na duba. Dala ashirin ce, wato sefa 100, kamar 'yan'uwanta. Sai dai nasa suna ɗauke da alamar bankin da ke Dakar, wani kifi mai baki kamar zarto, wanda asalinsa ma'aunin zinariya ne na mutanen Akan. Ita kuwa bankin da ke Yawunde ne ya buga ta. A littafi darajarsu ɗaya, ba ƙari ba ragi: kowace sefa 655.957 ke daidai da yuro ɗaya. Amma tun 1993 bankunan biyu suka daina karɓar kuɗin juna, don haka wadda za ta sayi ƙosai a Garwa ba za ta sayi ko ashana a Damagaram ba. Adadin gaskiya ne, mai shayin ma gaskiya ya faɗa.

Imam Gazali, a cikin Ihya'u, ya kamanta dinari da dirhami da alƙalai da aka ajiye tsakanin dukiyoyi. Mai raƙumi yana son za'afaran, ba wanda ya san raƙumi za'afaran nawa ne, sai kuɗi ya shiga tsakani ya yanke. Kamantawar ta yi kyau, kuma ina ganin tana ɗauke da abin da na manta ranar rabo. Kowane alƙali yana da hurumi. Alƙalin Zazzau in ya je Agadas, mutum ne mai rawani kawai. Iliminsa na nan, amma hukuncinsa ba ya ɗaure kowa. Ni na ɗauko hukuncin alƙalin wani gari na ɗora wa ƙanwata a tsakar gidanmu.

Ga yadda abin yake a fili. Yayanmu ɗan kasuwa ne, kusan kowace shekara yana zuwa Umara da azumi. A hannunsa kwandalar riyal biyu riyal biyu ce cif, zai miƙa ta a wani kanti a Madina a ba shi ruwan sha. A hannun ƙanwata ƙarfe ce mai ado. Kwandalar ba ta sake ba, hatiminta bai goge ba. Abin da ya bambanta shi ne fasfo da kuɗin jirgi. Farashin da wayata ta nuna mini farashin mutum ne da yake tsaye a inda ake iya canji, ko yake da halin zuwa can. Da na ce a lissafa mata su a kan wannan farashi, na karɓe mata awaki masu rai na ba ta alkawarin da ba za ta taɓa isa wurin cikarsa ba. Abin da ya fi damuna shi ne ban yi ƙarya ba. Da adadi na gaskiya na kusa cin haƙƙinta, kuma da ba ta yi magana ba, da na tashi daga tabarmar ina ganin kaina mai adalci.

Mai musu zai ce shari'a abu take yi wa ƙima, ba ta duban mai karɓa. Gona kuɗinta ɗaya ne, ko magajin manomi ne ko tela. Wannan haka ne. Amma tela yana iya sayar da gonar a garin da take, gobe-goben nan, a kan kuɗin da aka yi mata, domin kasuwarta tana nan. Ƙimar abu ita ce abin da za a ba ka a kansa a inda kake, ba a inda da ma kana can ba. To, in mun bi wannan, ƙimar riyal ɗin a garinmu ba komai ba ce, sai mu koma ga maganar Yaya ta farko, a bar su, wanda yake so ya ɗauka. Wa zai so? Wanda zai iya kashewa. Ka ga ke nan an ba mafi wadata a cikinmu kyautar abin da na mu uku ne. In an lissafa su da cikakken farashi aka ba marar hanya, an cuce ta. In an ce ba su da daraja aka bar wa mai hanya, an sake cutarta, sai dai a hankali. Ko ta ina aka biyo, ruwan yana gangarawa wurin mai fasfo.

Wani kuma zai ce duk wannan surutu a kan abin da bai kai kuɗin buhun masara ba? Ƙanƙantarsa ce ta sa na iya ganinsa gaba ɗaya. Babbansa ya faru a watan Janairu na 1994, lokacin da shugabanni suka taru a Dakar aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya: faran ɗin Faransa da ake saye a sefa 50 ya koma 100. An daɗe ana raɗe-raɗin haka, kuma masu hanya sun riga sun kwashe nasu sun kai bankunan Turai. Da gari ya waye, in suka dawo da shi, ya ninka. Matar da tata ajiyar ke cikin gwangwani a Tawa ko Maraɗi ta buɗe ta tarar da sulallanta cif yadda ta bar su, ba wanda ya taɓa, amma maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi mata nisa. Masana tattalin arziki suna da hujjojinsu a kan cewa matakin ya zama dole, kuma ba nan ne wurin yi musu gardama ba. Abin da nake nunawa shi ne, canji guda ɗaya ya zama riba ga wanda kuɗinsa ke iya tafiya, ya zama asara ga wanda nasa ke zaune.

Ƙasashe ma sun bambanta wajen tsawon igiyar da suke ba alkawarinsu. Da aka shigo da yuro, Faransa ta ba masu tsofaffin sulallanta wa'adi zuwa Fabrairun 2005, masu takardu zuwa Fabrairun 2012, daga nan ta rufe ƙofa. Jamus ba ta sa wa'adi ba. Har yau wanda ya tsinci tsohon mak a aljihun rigar kakansa yana iya kai shi babban bankinsu a ba shi yuro, a kan mak 1.95583. Ina ganin akwai mutunci a wannan, irin na mutumin da ke biyan bashin da mai shi ya manta. Kwabbai masu huji na gwangwaninmu, da tauraronsu mai tsini shida da sunan Sarki Joji, ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Hukumar da ta yi alkawarin ta naɗe tabarmarta ta tafi. Namu na yau kuwa ya fi ban tausayi. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fito da sulalla na kwabo 50 da naira ɗaya da naira biyu. Doka ba ta soke su ba, amma miƙa wa mai ƙuli-ƙuli ɗaya ka ga kallon da za ta yi maka. Giwa a garin wani zomo ce, an sani. Wannan a garinta ta zama zomo.

Da na koma gida na ba da rahoto, Yaya ya kawo shawarar da ta yi kama da alheri. Ya ce tunda abin ya zama rigima, a kai su ƙofar masallaci ranar Juma'a a raba wa mabarata, ladan ya isa kabarin Inna. Na kusa amincewa. Malam ya girgiza kai. Ya tunatar da mu cewa an hana mutum ya zaɓi abin da shi kansa ba zai karɓa ba ya ce shi zai bayar saboda Allah. Sai na hango abin kamar a gabana: makaho zaune da ƙoƙonsa, ya ji ƙarar ƙarfe ta faɗa ciki, ya ɗaga hannu ya yi wa mahaifiyarmu addu'a da zuciya ɗaya, da yamma ɗan jagoransa ya kai wa mai tuwo ta watso masa. Da mun karɓi addu'a mai kyau mun biya da kuɗin da ba ya tafiya. Ban san sunan da za a ba wannan ciniki ba in ba zamba ba, kuma an yi ta ga wanda ba shi da idon dubawa.

Abin da Malam ya yanke mai sauƙi ne. Ya dubi Yaya ya ce, "Alhaji, kai ne mai zuwa can. Ka saye su a kan farashin yau, cikakke, kuɗin ya shiga tarika." Yaya ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ko 'yan canji ba su karɓa ba." Malam ya ce, "Su ba za su Madina ba." Aka yi dariya, Yaya ya ce to a rubuta, zai bayar in an kammala. Malam ya ce a'a, canjin kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yi, ba a tashi daga majalisi da bashi. Yaya ya sa hannu a aljihu ya ƙirgo.

Na yi ta tunani a kan wannan hukunci, kuma ina ganin daidai ne, ko da yake ba zan ce ya warware komai ba. Daidai ne domin ya kai abin hannun da yake da rai a cikinsa, ya kuma sa mai hannun ya biya abin da zai amfana da shi, ba abin da raunin sauran zai ba shi damar biya ba. A kasuwa akasin haka ake yi. Mai saye yana taya abu a kan ƙimarsa a wurin mai sayarwa, ya sayar a kan ƙimarsa a wurin mai buƙata, tazarar da ke tsakani ita ce abincinsa, kuma ba zan kira wannan haram ba, tunda shi ya ɗauki wahalar hanya da hatsarinta. Dattijon Wapa bai ci bashin ƙanwata ba. Amma Yaya ba don sulallan zai hau jirgi ba, da su da babu su zai tafi, saboda haka ba shi da dakon da zai cire. Inda hukuncin ya tsaya shi ne, ba wanda zai iya tilasta masa. Da ya ce ba ya saye, da mun koma inda muka fito. Adalcin ya samu ne saboda mai ƙarfin ɗan'uwa ne, yana jin kunyar Malam, kuma gawar uwarsa ba ta daɗe da fita daga gidan ba. Tsakanin ƙasa da ƙasa, ko tsakanin banki da mai gwangwani, ban ga wanda ke zaune a mazaunin Malam ba.

Liyarin ƙanwata ta ce ita take so. Aka yi mata shi a kan kuɗin da maƙeri ya taya, ta biya nan take daga kasonta, ba ta nemi ragi ba. Na ce mata in ta matsu, kowane maƙerin fari zai saya. Ta ce ta sani, ba don haka ta karɓa ba. Ta sa masa sabon zare.

Kuɗin mai shayi ma ya shiga tarika, aka raba. Abin da ya rage a gwangwanin shi ne kwabbai bakwai masu huji da dala ashirin ɗin nan ta Kamaru. Malam ya juya su a tafin hannu, ya ce ba zai ce ba dukiya ba ne, ba kuma zai iya yi musu kuɗi ba. A ajiye, ko Allah zai kawo mai zuwa Garwa. Suna cikin aljihun teburina a Kano. Na mu uku ne har yanzu, biyu, biyu, ɗaya.